Muhawara: da gaske ƙarancin sirotonin ne ke kawo ciwon damuwa, ko a bar shan maganin?

Abban Khalifa (Mile 12):
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya ga ma'aikatan lafiyar da ke zauren nan, abin ya tsaya mini a rai. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A da acaɓa yake yi, tun da aka hana babura a manyan unguwannin Legas a 2022 aka kama nasa, bai ƙara tsayawa da ƙafarsa ba. Na jawo shi wajena yana taya ni sauke albasa, amma a hankali ya daina fitowa. Sai ka same shi kwance ya juya fuska bango, abinci sai an matsa masa, ƙarfe uku na dare idonsa biyu. Mun yi maganin taifot, mun yi na maleriya, an ƙara masa ruwa, shiru kake ji. Ranar da ya ce mini "Yaya, da babu ni da ka huta", ranar na kai shi asibiti. Likita ta ce ciwon damuwa ne, ta rubuta masa fluoxetine, ta ce yana aiki ne a kan wani sinadari na ƙwaƙwalwa mai suna sirotonin. Bai cika wata da farawa ba. Sai ga shi jiya an turo mana bidiyo wai Turawa da kansu sun gano maganar sirotonin ɗin nan ba gaskiya ba ce. Yaron ya gani, ya ce shi ya gama sha. Mene ne gaskiyar lamarin?

Maman Ilham (Idi-Araba):
Wa alaikumus salam Abban Khalifa. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Kafin a shiga dogon bayani: don Allah kada ya yanke maganin nan da kansa. Kuma maganar da ya faɗa maka, "da babu ni", ba magana ce ta wasa ba. Kada a bar shi shi kaɗai a ɗaki a kwanakin nan. Ka kira likitar da ta duba shi yau, kada ka jira ranar da aka ba ku.

Ɗan Sakkwato (Ojo):
To ai ga ta nan. Ni dama na daɗe ina faɗa. Mutum an ƙwace masa hanyar cin abinci, ba kuɗin haya, ba na aika wa gida, sannan a ce sinadari ne ya ragu a kansa? A mayar masa da babur ɗinsa ku ga ko ba zai tashi ba. Kamfanonin magani ne suka ƙirƙiro zancen nan don su sayar da ƙwaya.

Maman Ilham (Idi-Araba):
Malam, mutum nawa aka ƙwace wa babur a garin nan? Dubbai. Duk sun kwanta sun juya fuska bango?

Ɗan Sakkwato (Ojo):
Kowa da irin ƙarfin zuciyarsa, Hajiya.

Maman Ilham (Idi-Araba):
Wannan kalmar ta "ƙarfin zuciya" ita ke hana mutanenmu zuwa asibiti har sai abu ya ɓaci. Namiji ya gwammace ya mutu a tsaye da a ce masa rago.

Zainab (Akoka):
Bari in ɗan saka baki, ɗaliba ce ni a fannin sinadaran jiki. Sirotonin saƙo ne da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa junansu. Tsakanin ƙwaya da ƙwaya akwai ɗan tsagi ƙanƙani. Ɗaya ta saki sinadarin cikin tsagin, ɗayar ta karɓa, sannan ta farkon ta tsotse ragowar ta mayar ciki. Fluoxetine da 'yan'uwansa irin su sertraline da escitalopram suna toshe wannan tsotsewar ne, sai sinadarin ya daɗe a wurin. Jiki yana ƙera shi daga tiriftofan, wanda muke samu a ƙwai, nama, kifi, madara, gyaɗa da waken suya. Abin da zai ba ku mamaki shi ne kusan kashi 90 cikin 100 na sirotonin ɗin jiki a hanji yake, can yake taimaka wa motsin ciki. Na ƙwaƙwalwa kaɗan ne, wasu 'yan tarin ƙwayoyi da ke can gindin ƙwaƙwalwa ne ke yin sa, suna rarraba shi ko'ina. Yana da hannu a barci, da cin abinci, da sha'awa, da fushi, da yanayin rai.

Sani Mai Shayi (Agege):
To 'yar'uwa, tun da a abinci yake, a riƙa dafa wa yaron ƙwai da madara mana. Na ma ji an ce ayaba cike take da shi.

Zainab (Akoka):
A ba shi, zai amfane shi, tun da ma ba ya cin abinci. Amma sirotonin ɗin da ke cikin ayaba ko cikin jini ba ya ƙetarawa zuwa ƙwaƙwalwa, akwai shinge tsakaninsu. Ƙwaƙwalwa da kanta take yin nata. Shi ya sa ma in wani ya ce ku kawo kuɗi a auna sirotonin a jini don a gano ko mutum na da ciwon damuwa, kada ku biya. Wannan awon ba ya nuna abin da ke cikin kai.

Dakta Bashir (Surulere):
Salamu alaikum. Yanzu na fito daga aiki na tarar da zancen. Ina cikin masu neman ƙwarewa a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma tambayar nan kusan kullum sai an yi mini ita tun da bidiyoyin suka fara yawo. Abban Khalifa, bidiyon da ka gani yana da tushe, amma rabin zancen ya kawo maka.

Ga yadda abin ya faro. A shekarun 1950 an lura wasu masu tarin fuka da ake ba wani magani mai suna iproniazid suna samun walwala fiye da yadda ake zato. Da aka bincika sai aka ga maganin yana hana rushewar sirotonin da wasu sinadarai makamantansa. Daga nan masana suka fara cewa wataƙila ƙarancinsu ne ke kawo ciwon. A 1967 wani likitan Ingila, Alec Coppen, ya rubuta wannan ra'ayi a kan sirotonin. Hasashe ne, kuma a matsayin hasashe aka kawo shi. Sai a ƙarshen 1987 Amurka ta amince da fluoxetine, aka fito da shi da sunan Prozac, ya yi kasuwa ba kaɗan ba. A wajen talla ne hasashen ya rikiɗe ya zama kamar tabbas: "sinadarinka ya ragu, ga abin da zai cike shi." Don haka Ɗan Sakkwato, a nan kana da gaskiya, talla ta wuce inda ilimi ya tsaya.

A watan Yulin 2022 wata farfesa a Landan, Joanna Moncrieff, da abokan aikinta suka tattara manyan binciken da aka yi a kai, suka ce babu gamsasshiyar hujja da ke nuna ƙarancin sirotonin ne ke haddasa ciwon damuwa. Wannan shi ne asalin bidiyon. A 2023 masana sama da talatin suka mayar musu da martani, suka ce an yi kurakurai wajen tace binciken, an kuma yi watsi da shaidun da ke nuna sirotonin na da hannu. Misali, in aka ɗauki wanda ya warke ta hanyar irin wannan magani aka rage masa tiriftofan da gangan, sau da yawa alamomin kan dawo na ɗan lokaci. Amma in aka yi wa mai lafiya wanda bai taɓa ciwon ba, galibi ba ya faɗawa damuwa. Ka ga ke nan yana cikin lamarin, sai dai ba shi kaɗai ba ne, kuma ba a matsayin "ya ƙare, a ƙaro" ba.

Ɗan Sakkwato (Ojo):
Likita, ka gama magana ai. In ba a tabbatar da sanadin ba, don me za a ci gaba da ɗura wa yaro ƙwaya?

Dakta Bashir (Surulere):
Saboda tambayoyi biyu ne daban. Ta farko, me ke kawo ciwon? Ta biyu, maganin yana aiki? Ita takardar 2022 ba ta gwada magani ba sam. Wanda ya duba wannan shi ne babban binciken da Andrea Cipriani na Jami'ar Oxford ya jagoranta, aka buga a mujallar Lancet a 2018. Sun haɗa gwaje-gwaje 522, mutum fiye da 116,000, magunguna 21. Duka 21 ɗin sun fi ƙwayar da ba komai a cikinta aiki. Ba zan ɓoye maka ba, fifikon matsakaici ne, ba kowa yake yi wa aiki ba, wani sai an canza masa sau ɗaya ko biyu. Amma ga wanda ciwon ya kai shi ga daina ci, daina barci, da tunanin barin duniya, wannan matsakaicin yana iya zama abin da ya tsallakar da shi.

Akwai kuma abin da ya daɗe yana nuna mana zancen ya fi "ƙaranci" zurfi. Maganin yana toshe tsotsewar nan da Zainab ta faɗa cikin awoyi kaɗan da sha. Amma sauƙi ba ya zuwa sai bayan sati biyu zuwa huɗu, wani har shida. Da cikewa ce kawai, da washegari mutum zai tashi garau. Abin da masana da yawa ke gani yanzu shi ne maganin yana buɗe hanya ne ƙwaƙwalwa ta sake tsara kanta a hankali, ta rage karkata ga ganin baƙi a komai. Shi ya sa nake cewa ƙaninka bai kai lokacin da za a yanke hukunci ya yi aiki ko bai yi ba.

Abban Khalifa (Mile 12):
Allah ya saka da alheri Likita. To shi tunanin kashe kai ɗin fa? Shi ma sinadarin ne? Don wallahi shi ya fi tayar mini da hankali. Yaron nan mai sallah ne, ya yi allo, ya san hukuncin abin.

Dakta Bashir (Surulere):
A nan hujjar sirotonin ta ma fi ƙarfi a kan ta ciwon damuwar kansa, kuma mutane ba su cika sani ba. A 1976 wata likita a ƙasar Suwidin, Marie Åsberg, ta auna ruwan laka na masu ciwon damuwa 68. Abin da ta nema shi ne ragowar da sirotonin ke bari bayan ya gama aiki, ana kiransa 5-HIAA. Ta tarar waɗanda nasu ya yi ƙasa sun fi yunƙurin hallaka kansu, kuma yunƙurinsu ya fi muni. Daga baya aka sake ganin haka a wasu ƙasashe, har a cikin mutanen da ciwonsu ba na damuwa ba ne, da kuma masu saurin hannu, waɗanda fushi ke ɗebe su su aikata abu kafin su yi tunani. John Mann na Jami'ar Columbia a Amurka da abokan aikinsa sun duba ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu ta wannan hanya, suka ga sauye-sauye a tsarin sirotonin a ɓangaren gaba, bayan goshi, wanda shi ne ke tsawata wa mutum ya ce masa dakata.

Ƙaninka ɗan acaɓa ne, zai gane wannan. Baƙin ciki, bashi, kunya, rashin barci, su ne gangara. Tsarin sirotonin yana cikin abubuwan da ke aikin birki. Mutum biyu za su hau gangara ɗaya, mai birki ya tsaya, wanda nasa ya saki ya wuce. Ba wai na biyun ya fi son mutuwa ba ne, ko ya fi ƙarancin sanin hukunci.

Amma kada a ɗauka ana iya ɗiban ruwan bayan mutum a ce wannan zai yi, wannan ba zai yi ba. Bambancin a tsakanin rukuni da rukuni ake ganinsa, ba ya faɗin abin da mutum ɗaya zai aikata. Har yau babu awon da ya kai a zauna da mutum a tambaye shi.

Alaramma (Zango, Agege):
Assalamu alaikum. Na karanta duka. Likita, Allah ya ƙara basira, amma ina da tsoro guda. In muka ce wa jama'a sinadari ne, kada mu buɗe ƙofar da mutum zai ce ba laifina ba ne. Allah Ta'ala ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 29, kada ku kashe kanku, lalle Allah Mai jin ƙai ne a gare ku. Wannan hani ne bayyananne. Kuma da yawa abin da ke damun matasanmu a nan nisa da Alƙur'ani ne da zikiri.

Hajiya Mai Tuwo (Obalende):
Allah ya gafarta Malam, ka yi mini izini in yi magana, don ni abin nan a jikina na gan shi. Bayan haihuwar autana na shiga wani hali. Ina sallah, ina azkar, ba abin da na bari. Amma sai in zauna gaban tukunya, muciya a hannuna, hawaye na zuba, in rasa me aka yi mini. Jaririn na kuka ina kallonsa kamar ɗan wasu. Aka ce iska ce, aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi. Aka ce kishiya ce, alhali baiwar Allah ita ke yi mini wanka da yaron. Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu cewa in ƙara imani, don sai na fara ganin ko Allah ya yi fushi da ni ne, nan tunanin banza ya fara shigowa. Wata maƙwabciyata Bayarabiya ce ta ja ni asibiti. Na sha magani wata da watanni, ana kuma zama da ni ana magana. Ban bar addu'a ba ko rana ɗaya. Ranar da na fara jin ɗanɗanon abinci a bakina na san na dawo. Malam, ban san sirotonin ba a lokacin, amma na san ba imanina ne ya ragu ba.

Alaramma (Zango, Agege):
Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, ya raya yaron. Ban ce kowane mai wannan hali imaninsa ne ya yi rauni ba. Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, kuma Annabi ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta. Neman magani ba ya karo da tawakkali. Abin da nake tsoro shi ne a cire wa mutane tsoron aikata abin.

Dakta Bashir (Surulere):
Allah ya gafarta Malam, ba ma son a cire shi. Marasa lafiya da yawa sun gaya mini tsoron Allah da tunanin mahaifiya ne suka riƙe su a daren da abin ya yi tsanani. Roƙona shi ne, in irin wannan ya zo wajenku, tun da ku ake fara zuwa wa kafin mu, a yi masa addu'a a kuma ce masa ya je asibiti. In aka tsaya a gaya masa wuta kaɗai, sai ya daina faɗa, kuma wanda ya daina faɗa shi ne muke rasawa. Ko a cikin malaman Musulunci na da, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 934, ya bambanta baƙin cikin da ke da sanadi bayyananne da wanda ke sauko wa mutum ba dalili, ya ce na biyun yana da alaƙa da jiki kuma yana buƙatar magani.

Alaramma (Zango, Agege):
Wannan na karɓa. Kuma bari in ƙara don masu jefa iyalan mamaci da magana: mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa wanda ya kashe kansa bai fita daga Musulunci ba, ana yi masa wanka da sallah, al'amarinsa yana ga Allah. A daina ƙaurace wa gidan makoki.

Usman Mai Kemis (Agege):
Abban Khalifa, akwai tambayar da ba wanda ya yi maka, ni zan yi, kada ka ji haushi. Yaron yana shan tiramol? Ko ya taɓa sha lokacin da yake kan babur? Ina tambaya ne don na san yadda aikin yake, da yawa da shi suke jure rana da gajiya.

Abban Khalifa (Mile 12):
Ba zan rantse ba Malam Usman. Na taɓa ganin fankon sacet a aljihun wandonsa, ya ce na ciwon baya ne.

Usman Mai Kemis (Agege):
To lalle likita ta sani, yau ɗin nan. Tiramol ba kashe ciwo kaɗai yake yi ba, shi ma yana ɗaga sirotonin. In ya haɗu da fluoxetine sinadarin na iya yin yawa har ya zama guba: zufa, karkarwa, tsoka na fizga, zazzaɓi mai zafi, gudawa, zuciya na bugawa da sauri, mutum ya rikice. Yana kuma iya kawo farfaɗiya. In ka ga haka asibiti kai tsaye, ba kemis ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa masu cewa "a ƙara sirotonin a samu farin ciki" cewa abin ba haka yake ba. Sannan shi tiramol ɗin, da kodin, da giya, duk suna rage wa mutum iya kame kansa, kuma ranar da babu su damuwar ninkuwa take yi. In ya saba sha kullum, shi ma ba a yanke shi dare ɗaya, likita ce za ta tsara.

Maman Ilham (Idi-Araba):
Madalla da wannan tambaya. Ni kuma in ƙara abin da ya sa na ce kada a bar shi shi kaɗai. Makonnin farko na shan maganin su ne na sa ido. A 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi a kwalin waɗannan magunguna game da yara da matasa, a 2007 ta faɗaɗa shi zuwa 'yan ƙasa da shekara 25. A gwajin da aka yi kan yara, kusan 4 cikin 100 na masu shan maganin sun samu ƙaruwar tunanin cutar da kai, a kan 2 cikin 100 na waɗanda ba su sha ba, ko da yake ba wanda ya rasu a gwajin. Wani lokaci ƙarfin jiki kan riga walwalar zuciya dawowa, wani kuma maganin kan sa shi ya kasa zama wuri ɗaya, yana ta kai da komo. In ka ga haka, ko ka ga ya fara rabar da kayansa, yana neman gafarar mutane ba gaira ba dalili, ko ya yi wani irin natsuwa farat ɗaya bayan dogon ƙunci, kada ka jira gari ya waye.

Kai ka riƙe maganin, ka riƙa ba shi na kullum. Duk wani abu mai haɗari a ɗakin, har da magungunan ƙwari da na ɓera da muke ajewa a shaguna, a kwashe. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sau da yawa tsananin tunanin na ɗan lokaci ne, in abin bai kusa da hannu ba sai ya wuce. Ƙasar Siri Lanka ta hana sayar da magungunan ƙwari mafi guba, yawan masu kashe kansu ya ragu da fiye da rabi.

Kuma ka tambaye shi kai tsaye: "Kana tunanin kashe kanka?" Da bakinka, ba kewaye-kewaye.

Sani Mai Shayi (Agege):
Anti, wannan ba tuna masa za a yi ba kuwa?

Maman Ilham (Idi-Araba):
A'a Sani. An bincika wannan sosai, tambaya ba ta saka wa mutum tunanin da ba shi da shi. Wanda ke ɗauke da shi kuwa sauƙi yake ji an ba shi damar faɗa. Ka tambaya, ka yi shiru ka saurara, kada ka fara da faɗa ko wa'azi.

Ɗan Sakkwato (Ojo):
Duk na ji, kuma na ƙaru. Amma ina nan a kan bakata ta wani ɓangaren. Ko an gyara masa kai, in ya tashi ba aiki, ba jari, ɗaki ɗaya mutum shida, me aka yi? Mu 'yan ci-rani a Ikko ba mu da uwa a kusa, ba mu da gona. Mutum ya kasa aika ko sisi gida, kunya ta hana shi komawa.

Dakta Bashir (Surulere):
Ban musa maka ba ko kaɗan. Rashin aiki, bashi da kaɗaici suna cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon, kuma doguwar wahala da kanta tana sauya yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, har da tsarin sirotonin ɗin. Ba a raba su. Akwai gado a ciki, akwai abin da mutum ya gani tun yana yaro, akwai halin da yake ciki yau. Shi ya sa magani kaɗai ba ya isa. Ana haɗawa da zaman tattaunawa da ƙwararre, da gyara barci, da motsa jiki, da komawa cikin mutane. Ɓangaren jari da sana'a kuwa ba a asibiti yake ba, a hannunku yake, ku 'yan kasuwa da shugabannin unguwa. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. Ko mun so ba za mu iya mu kaɗai ba.

Barista (Ikeja):
Wani abin da ke sa mutane ɓoyewa shi ne tsoron 'yan sanda. Gaskiya ne sashe na 327 na dokar laifuka ta Kudu da sashe na 231 na ta Arewa sun mayar da yunƙurin kashe kai laifi, har da ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, kuma an daɗe ana kiran a soke su. Amma jihar Legas ta gyara tata, abin da ta tanada shi ne kotu ta tura mutum asibiti. Sannan a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Kada tsoron hukuma ya sa a ɓoye mutum a ɗaki yana buƙatar taimakon gaggawa.

Abban Khalifa (Mile 12):
Na yi magana da shi bayan la'asar, na tambaye shi kamar yadda Maman Ilham ta ce. Ya yi kuka sosai, ya ce tunanin yana zuwa masa, musamman da asuba. Ya amsa maganar tiramol ma. Na kira likitar, ta ce mu zo gobe da safe, kada ya sha tiramol ɗin kafin nan, in wani abu ya taso da dare mu tafi sashen gaggawa. Yau a ɗakina zai kwana.

Shugaban Zaure:
Allah ya ba shi lafiya. Ga duk mai irin wannan hali ko wani nasa: akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Idi-Araba, inda shirin SURPIN na hana kashe kai ya faro, akwai kuma na Ikeja. Lambar gaggawa ta Legas 112 ce ko 767. Wanda zai koma gida, akwai Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. Zuwa Yaba ba ya nufin mutum ya haukace, mafi yawan masu zuwa a duba su ne su koma gida a ranar.

Maman Abdul (Ketu):
Likita, ni tawa tambayar daban ce, na daɗe ina jin nauyin yi. Maigidana yana shan sertraline, ya samu sauƙi sosai alhamdu lillahi. Yanzu yana cewa tun da ya warke zai bari, wai kada ya zama ɗan ƙwaya. Kuma yana azumin Litinin da Alhamis, ranakun sai ya tsallake.

Dakta Bashir (Surulere):
Hajiya, ba ya sa maye kuma ba ya sa mutum ya riƙa neman ƙari kamar tiramol. Sai dai jiki yana sabawa da shi, in aka yanke farat ɗaya ana iya samun jiri, tashin zuciya, rashin barci, saurin fushi, wani ya ji kamar lantarki na ratsa kansa. Ƙa'idar ita ce a ci gaba aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi, don ciwon yana yawan dawowa in an yi gaggawa, sannan a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan tare da likita. Ki kuma tambaye shi a hankali ko akwai wani dalilin da bai faɗa ba. Irin waɗannan magunguna kan rage wa wasu sha'awar iyali, maza da yawa saboda haka suke bari amma ba sa iya faɗa. In shi ne, ya gaya wa likitansa, ana iya rage yawansa ko a canza wani. Maganar azumi kuwa mai sauƙi ce, sau ɗaya ake sha a rana, sai ya mayar da shi lokacin sahur ko bayan buɗa-baki, ya tsaya a kan lokaci guda kullum, har a watan Ramadan.